Jajen Dokin Baba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunan jika sai na kira biyu kafin in dace da wanda nake nufi. Amma akwai abu guda da bai iya taɓawa ba, kuma na san ba zan manta da shi ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona: shekarar da aurena ya kusa mutuwa saboda wani doki da ba a taɓa haihuwarsa ba.

Zamanin mulkin Nasara ne, bayan yaƙin duniya da 'yan shekaru, ina amarya a Madarumfa. Maigidana ya yi lakwal, wato makarantar boko, abin da ba kowa ya yi ba a lokacin, shi ya sa duk gari ke ce masa Mushe, yadda Faransawa ke cewa malam. In kaka ta yi yakan tafi Maraɗi ya yi aikin awon gyaɗa a wani kanti, in ciniki ya ƙare ya dawo gida. Burinsa guda ne a duniya, ya ci jarrabawa a tura shi Dakar ya karanta shari'ar Nasara, ya zama aboka, wato lauya. Kakarsa ba ta taɓa gane wannan kalma ba. Har ta koma ga Allah tana mamakin abin da zai kai yaro mai salla bakin teku koyon aikin boka, alhali ga bokaye nan birjik a ƙauyen Sarkin Yamma.

A wata dawowarsa ya zo da wani littafi mai jan bango da ya saya hannun wani akawu da zai koma ƙasarsu. Ba littafin dokoki ba ne. Littafi ne da ke koya wa ɗalibi yadda zai shirya shiga makarantar shari'a, da yadda zai yi nasara in ya shiga. Yanzu da na yi hankali na gane don 'ya'yan Faransa aka rubuta shi, amma Mushe ya riƙe shi kamar da sunansa aka buga. Littafi ya ce kada ɗalibi ya cika ciki kafin karatu, sai ya daina taɓa furar rana. Littafi ya ce a riƙa tattaki ana tunani, sai ya riƙa zagaya bakin tabki hannuwa a baya, kai a sunkuye, har masunta suka fara tambayarsa ko wani abu ya yar su taya shi nema. Littafi ya ce ɗalibi ya tanadi riga mai kauri tun kafin ya tafi, sai ya sayi tsohon kwat wajen wani tsohon soja, yana sa shi cikin zafin bazara, wai don jikinsa ya saba.

Duk wannan bai cuci kowa ba sai shi. Wanda ya jawo mana masifa wani babi ne da ya ce ɗalibi ya ɗauki shari'ar ƙirƙira, ya kare mai ƙara, ya juya ya kare wanda ake ƙara, da murya mai ƙarfi yadda na can ƙarshen zaure zai ji. Ya kuma ce a yi haka gaban wanda bai san komai ba a shari'a, in ya gane, to ɗalibi ya iya. A gidan nan kaf babu wanda ya kai ni rashin sanin komai, don haka ni aka zaɓa.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida ya zo ya tsaya a kaina da littafinsa. Ya ce wani mutum ya ba wani aron doki, doki ya mutu a hannun mai aro, to asarar wa ke nan? Sunayen mutanen biyu na littafi ne, masu wuyar faɗa, kuma kusan iri ɗaya. Ya yi ta bayani ina ta rikicewa.

Na ce, “Malam, ni fa na kasa gane mai doki da mai aro. Ka sa mutanen da na sani mana.”

Ya ce, “To, a ce Babanki ne ya ba Kawu aron doki.”

Na yi dariya har rariya ta kusa suɓuce mini. Babana masunci ne, dukiyarsa gora da koma, sai akuya guda. Ko jaki bai taɓa mallaka ba. Kawu kuwa ƙanen mahaifiyar Mushe ne, shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsa, a gidansa muke zaune. Manomi ne mai rumbuna, amma Allah ya jarrabe shi da son aro. In ya ari gatari ya dawo ba ƙota, in ya ari igiya ta dawo biyu. Duk gari an san haka.

Da sunaye suka zauna sai shari'a ta yi daɗi. Mushe ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya kamar mai shela. Ya ce Kawu ya karɓi doki lafiyayye, ya bar shi a rana ba ruwa har ya faɗi. Ya juya ɗaya gefen ya ce a'a, doki da ciwonsa ya zo. Ya koma ya ce amana ce aka ci. Ni ina ta gyaɗa kai, don a karon farko na gane karatunsa. Abin da muka manta shi ne tsakaninmu da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai sai da daddawa, zana ce kawai. Ita kuwa sana'arta gida-gida take kai ta.

Ranar kasuwa Baba ya kai kifinsa kamar kullum. Bai gama shimfiɗawa ba wani ya durƙusa ya ce masa, “Ashe abin da ya faru ke nan. Allah shi mayar da alheri.”

Baba ya ce, “Mi ya faru?”

“Dokinka mana.”

“Wane doki?”

Mutumin ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, “Kun gani ko? Har yanzu rufa wa surukansa asiri yake.”

Kafin azahar an gama warware duk abin da zai sa a yi shakka. Me ya sa ba a taɓa ganin dokin ba? Ai a garin Ɗan Issa ya ɓoye shi wajen wani ɗan'uwansa, don kada yaran kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, su karɓe in za a fita rangadi. Ina ya sami kuɗin doki? Ai masunci ba ya nuna abin da ya samu, tara abinsa yake a tukunya. Baba ya musa sau ɗaya, ya musa sau biyu. Sai ga wani attajirin gyaɗa wanda tun da suke bai taɓa fara gaishe shi ba, ya tsaya, ya miƙa masa hannu biyu, ya kira shi Maidoki. Sarkin fawa ya sa aka kawo masa buzu ya zauna. Daga nan Baba bai ce akwai doki ba, amma bai ƙara cewa babu ba. Inna ta ce da ya dawo gida ya daɗe zaune yana kallon akuyarsa, sannan ya ce, “Duniya ke nan.”

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma maganar ta iske Kawu a gindin tsamiyar da dattawa ke hira, aka ce masa wannan karon aron nasa ya wuce gatari. Kawu mutum ne mai saurin fushi. Maimakon ya ce ba a yi ba, sai ya ce, “Shi wanga mai ƙarnin kihi, in ma ya yi doki, wane iri zai yi in ba ramamme mai tari ba?”

Kafin maganar ta ƙetare gari ta kai kunnen Baba, an sauke mata “in ma”. Abin da ya ji shi ne Kawu ya ce ramammen doki mai tari aka ba shi. Inna ta ce Baba ya miƙe tsaye ya ce, “Dokina ne mai tari?” Ranar ya fara cewa dokina, kuma daga ranar bai daina ba.

Mushe da ya ga abin ya zama gaske sai ya ruga gidanmu. Ka san tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, don haka can nesa ya tsuguna, kai a ƙasa, ya ce, “Baba, a yi haƙuri, ai babu doki. Misali ne na cikin littafi, ni na sa sunanku.”

Baba bai ko dube shi ba. Ya ce wa Inna, “Kin ji abin da suka kitsa ma yaro ya zo ya hwaɗa. Sun cinye doki, yanzu labarinsa ma za su cinye.”

Mushe ya koma wajen Kawu, can ma bai sami sauƙi ba. A 'yan kwanakin nan Kawu ya riga ya gaya wa rabin gari cewa shi bai yi sakaci ba, ya ba dabba kanwa, ya ba ta jiƙo, ajali ne kawai. Da Mushe ya ce zai tsaya a masallaci ya bayyana cewa ƙirƙira ce, Kawu ya ce, “Wato ka tashi cikin jama'a ka ce ni da na rene ka maƙaryaci ne? Ko so kake a ce ban kai a ba ni aron doki ba?”

Ba a jima ba ƙanwar Inna ta yi sallama a ɗakina ta ce Baba ya ce in tattara kayana. 'Yarsa ba za ta zauna gidan da aka kashe masa doki aka kuma zage shi ba. Na fito da ƙunshin kayana a kai, Mushe na tsaye bakin ƙofa yana ta buɗe littafi, shafi bayan shafi, yana neman inda aka faɗi abin da ɗalibi zai yi in surukinsa ya ɗauke masa mata. Ba a rubuta wannan babin ba.

A gida na sami Inna a madafa na ce, “Inna, ke ma kin san babu doki. A gabana aka ƙirƙire shi, ina tankaɗe.”

Ta ce, “Ni za ki gaya wa? Da ya yi doki ai ni zan fara share kashinsa. Amma leƙa ki ga tafiyarsa.”

Na leƙa. Baba ne ke fita, ƙafafu a ɗan buɗe kamar wanda ya tsufa a kan sirdi, da wata tsohuwar bulala a hannu, ban san inda ya samo ta ba. Dariya ta zo mini, sai kuma ta maƙale. Tun ina yarinya nake ganin mutumin nan yana raɓawa gefen hanya in masu rumbuna za su wuce. Ban taɓa ganin ya bi tsakiyar hanya ba sai ranar.

Baba ya kai ƙara wajen mai gari. Nan fa abin ya daina ba ni dariya ko kaɗan, don kowa ya san inda shari'ar da ba ta da hujja take ƙarewa: a ɗauko Alƙur'ani a ce a rantse. Dattawa biyu, kowanne ya yi nisan da ba zai iya komawa ba, za su ɗora hannu a kan Littafin Allah saboda dabbar da babu ita. Liman kansa an ce ya rasa sukuni.

Ana gobe za a zauna mai gari ya aika aka kira Mushe. Wannan daga bakin Mushe na ji daga baya. Ya ce yana fara rantse-rantsen cewa babu doki mai gari ya ɗaga masa hannu.

“Yaro, duk dokin da ke ƙasar nan na san shi, na san uwarsa. Ba sai ka gaya mani ba. Amma in na ce babu, na mai da dattawa biyu abin dariya a gaban ɗiyansu, ga shaidu da suka riga suka yi magana. In na ce akwai, sai an biya ko an rantse. Ba na son ko ɗaya. Kai ka haihi dokin nan, kai za ka ja shi bayan gari. Kuma ka tuna, ba ka zuwa jarrabawa sai na shaide ka wajen kumandan. Ban ga yadda zan shaidi wanda ya haɗa gari hwaɗa ba.”

Mushe ya ce, “Ranka ya daɗe, ta yaya?”

“Ba aboka kake son zama ba? Ga shari'a ka samu.”

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar mai gari, maza a gindin itace, mu mata a bayan zana muna leƙe. Aka fara da shaidu, ni kuwa na saki baki. Wani ya ce ya san dokin sarai, akawal ne, baƙi ƙirin. Wani ya ce a'a, kili ne, fari, ya taɓa gamuwa da shi a hanyar Ɗan Issa. Suka kusa ba hammata iska a kan launi. Wani manomi daga ƙauye ya ce shi bai ga doki ba, amma ya ga angulaye na shawagi a bayan tabki a makon da abin ya faru. Wani kuma ya miƙe ya ce tunda ana maganar, dokin ya taɓa shiga gonarsa ya ci masa dawa, yana son a duba hakkinsa. Mai gari ya ce ya zauna.

Sannan ya nuna Mushe ya ce tunda yaron nan ɗa ne ga wannan, suruki ga wancan, kuma karatun shari'a yake, shi zai yi magana a madadin kowa. Babu wanda zai rantse a yau.

Mushe ya miƙe. Ya fuskanci Baba ya fara, muryarsa can ƙasa, sannan ta buɗe. Bai yi maganar doka ba. Ya ce ga mutum da ya kwashe ƙuruciyarsa cikin ruwa, sanyi na cinsa, ƙaya na sukarsa, yana hana cikinsa don ya tara abin da zai ɗaga kansa cikin mutane. Ya sayi ɗan doki tun yana bin uwa. Ya yanko masa ciyawa da hannun da igiyar koma ta tsattsage. Doki ya san takunsa, in ya jiyo shi daga nesa sai ya yi haniniya. Kuma da suruki ya zo aro, bai ce sai an kawo shaida ba, ya kwance ya miƙa, don ya ɗauki gidan nan gidansa.

Na dubi Baba. Hawaye ne ke bin gemunsa, yana gyaɗa kai.

Mushe ya taka ya koma ɗaya gefen, ya fuskanci Kawu. Ya ce ga kuma mutum da aka ba amana, ciwo ya faɗo wa dabba a hannunsa ba da saninsa ba. Ya bar gonarsa, ya zauna a rana yana yi mata fifita. Ya nemo kanwa, ya nemo jiƙo, ya ɗora kanta a cinyarsa har ta daina motsi. Abin da ya hana shi zuwa ya faɗa ba raini ba ne, kunya ce. Da wane ido zai dubi mutumin da ya ba shi 'ya ya kuma ba shi doki? Maganar da ta fita bakinsa a gindin tsamiya kuwa, zafin rashi ne, don shi ma ya so dokin.

Kawu ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, ni da aka ƙirƙiri dokin a gabana, da gari a hannuna, sai ga ni ina share hawaye da gefen zane. Na ji tausayin dabbar nan har cikin raina. Inna da ke gefena ta zungure ni, na juya, ashe ita ma idonta ya yi ja.

Baba ya miƙe a hankali, ya ajiye bulalarsa a ƙasa, ya ce, “Ranka shi daɗe, na yahe. Allah ya ba ni, Allah ya karɓi abinsa. Ko gashin wutsiyarsa ban biɗa.”

Kawu ya taso ya kama hannunsa ya ce, “Doki ne na kirki. Ban taɓa ganin mai hankalinsa ba.”

Baba ya ce, “Haka yake.”

Mai gari bai bari wani ya ƙara ko tari ba. Ya ce shari'a ta ƙare, liman ya yi addu'a, kuma ban taɓa jin ya yi Fatiha da sauri irin na ranar ba.

Kwanaki aka yi ana zuwa gidanmu jaje. Inna ta yi ta dama fura. Kawu ya zo da goro da dammunan gero, ya zauna kusa da Baba suna karɓar gaisuwa tare, kowa ya zo su ba shi labarin halin marigayin. A cikin wannan taro aka ce in koma ɗakina, ƙanwar Inna da ta ɗauko ni ita ta mai da ni.

Mai gari ya cika alkawari, ya yi shaida wajen kumandan. Mushe ya tafi Yamai ya zauna jarrabawa, amma Dakar ba ta cikin rabonsa. Ya zama tafinta a gidan shari'a a Maraɗi, daga baya magatakarda, a nan ya tsufa. Baba kuwa Maidoki ya ci gaba da amsawa har ƙarshen ransa. In wani zai sayi doki sai ya zo ya tafi da shi kasuwa ya duba masa haƙora, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce an zaɓa masa mugu ba.

Na daɗe ina ɗaukar abin nan labarin ban dariya kawai, sai da na ga rigingimu da yawa a rayuwa, na gado, na gona, na maƙwabta, sannan na gane darasinsa. Sau da yawa abin da ake faɗa a kai ba shi ne abin da ke ciwo ba. Baba ba doki yake nema ba, so yake a yarda shi ma mutum ne da zai iya bayarwa. Kawu so yake a yarda shi mutum ne da za a iya ba amana. Ranar da kowa ya ji an faɗi nasa a gaban jama'a, rigima ta mutu da kanta. Shi ya sa in mutum biyu suka kawo mini ƙara yanzu, ba na gaggawar tambayar wa ke da gaskiya. Nakan fara neman inda aka taɓa wa kowa mutuncinsa, don in ka mayar wa mutum da wannan, ko doki ne sai ya yafe.